Ƙugiyar Tidjani

Tun da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da Tidjani, mutanen unguwar Zongo ke ta shiga suna fita suna cewa da sauƙi. Ƙarya ce irin ta masu dubiya. Matarsa ma kallon baƙuwa yake mata. Arzika kuwa, abokinsa tun suna yaran mota a tasha, ya kasa leƙawa. Tsoro yake ji ya tsaya gaban mutumin nan a tambaye shi ko shi wane ne.

Sai ga Karimatou, 'yar Tidjani, ta tare shi a ƙofar masallaci. Ta ce gobe za ta tafi da babanta gidan mijinta a Parakou, kuma likita bai ba ta wani fata ba.

"Baba Arzika, in za ka gan shi, yau ne," in ji ta.

Da hantsi Arzika ya hau zemijan, babur ɗin haya, zuwa bakin ruwan Tokpa-Hoho, ya sayo jatan lande masu rai a ɗan bokiti. Ya biya gida ya ɗauko gorar kamun kifinsu da gwangwanin ƙugiyoyi. Shekara da shekaru kowace Lahadi su biyun suna gaɓar ruwa suna neman giwan ruwa, wanda a nan ake ce wa kafiten, kuma rabin abin da suke yi faɗa ne.

Ya tarar da Tidjani jingine da bango a tsakar gida, hannun dama a kwance kan cinya kamar ba nasa ba. Arzika ya yi sallama. Tidjani ya amsa da ladabi, irin amsar da ake yi wa mai talla. Duk da haka Arzika ya zauna, ya zare igiya, ya matse dalma, ya ɗaura ƙugiya. Sannan ya kamo jatan lande ɗaya ya soke shi ta kai.

Da gangan ya yi. Kafiten ba ya kula mataccen abu. Ta wutsiya ake sokewa don ya ci gaba da motsi a ruwa, kuma babu abin da ke tayar wa Tidjani da hankali kamar wannan ɓarna.

Ai kuwa fuskar Tidjani ta ɓaci. Ya miƙo hannun hagu ya fizge ƙugiyar, ya yar da mataccen, ya nuna bokiti. Arzika ya riƙe masa wani, shi kuma ya soke ta wutsiya, daidai, ba ko rawar hannu. Karimatou, da ke kallonsu, ta rufe baki da hannu. Arzika ya ji zuciyarsa kamar za ta fito don murna.

Tidjani ya dube shi, magana na fita da ƙyar.

"Malam, haka ake yi. Ina da wani aboki, Arzika, shi ma bai taɓa iyawa ba." Ya numfasa. "Tun da na kwanta bai zo ba. In ka san shi, ka ce masa ina jiransa."

Arzika ya sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga cikin bokiti.

"Zan gaya masa," ya ce.