Asabar Ɗin da Bauna Ya Sha Kaye

An riga an rubuta sunan a allo kafin Gazali ya iso. A ƙofar gidan kallo, ƙarƙashin layin da aka saba gani, "Kokawar Turawa kai tsaye bayan la'asar, sharhi daga bakin Gazali," yau an ƙara wani da farin alli: "tare da Mannir na Kebbe."

Gazali ya kashe babur, ko kafe shi daidai bai yi ba.

"Alhaji, mi nika gani haka?"

Ɗangiwa, mai gidan kallon, yana tsugune yana zuba wa janareta mai. Bai ɗago ba.

"Abin da kag gani. Jama'a sunka matsa mini. Yau ku biyu za ku yi. Kafin babban wasa kowa ya faɗi wanda za ya yi kaye. Wanda jama'a sunka zaɓa, makirfo nashi ne."

"Shekara shida nika riƙe da makirfon ga."

"Awo, shekara shida. Shi ko mako bakwai ke nan bai kuskure ba ko sau guda. Kai sau nawa ka dace cikin bakwai ɗin?"

Sau biyu ne. Gazali ya juya ya gyara wa babur tsayuwa.

Kafinta ne shi daga Lahadi zuwa Juma'a. Ranar Asabar kuwa duk Tambuwal ta san shi da baki. Idan aka gama nuna kokawar mako, sai ya miƙe gaban talabijin ya warware wasan daga farko: wa ya yi wayo, wa ya yi ragwanci, wane alƙali ne ya kau da kai. Ɗangiwa ya ɗauka a waya, kafin gari ya waye sharhin ya kai Dogon Daji da Sanyinna. Gazali ne ya raɗa wa 'yan kokawar sunayen da kowa ke kiran su da su, tunda nasu na Turanci ba sa zama a baki. Mai riƙe da kambu, ƙaton nan mai wuya kamar turmi, shi ne Bauna. Abokin gabarsa Mai Gemu. Aminin Bauna da ke shafa baƙi a ido, Kwalli. Sai ga wani yaro a Kebbe ya fara tura nasa sharhin tun ranar Juma'a, kafin a yi wasan, da sunayen nan dai na Gazali, kuma abin da ya faɗa shi ake gani.

Ya juya gida don ya ɗauko hularsa. Tun daga zaure ya ji muryar yaron. Siririya ce, mai sauri, ba kirari ba komai. Ruwaida, matarsa, tana tsintar shinkafa a faifai, wayarta jingine da turmi, tana dariya ita kaɗai.

"Wa kika saurare?"

Ta kai hannu za ta kashe, sai ta fasa. "Baban Hamdiyya, ai ƙawata Kulu ta turo mini. Yaron na da ban dariya. Wai ya ce gemun Mai Gemu ya fi shi sanin kokawa."

"Ni na ba shi sunan."

"To ai bai ce shi yab ba shi ba."

"Nawa na makon jiya kin saurara?"

Ta ɗan tsince tsakuwa biyu kafin ta amsa. "Naka ai nan gida nika jin shi sau uku kafin ka fita."

Bai ɗauki hular ba. Ya fita ya hau babur ya kama hanyar Kebbe.

Duk tsawon hanyar abu guda yake juyawa. Ba a sanin kokawa haka. Shi yana duban ƙafar mutum, da numfashinsa, da yadda ya shigo fage, duk da haka yakan faɗi. Yaron nan ko dai yana da malami, ko yana da wanda ke tsegunta masa. Ko wanne ne, yau sai ya gani da idonsa.

Bai sha wahalar neman sa ba. Shagon cajin waya ne kusa da tasha, wayoyi jere a kan katako kowace da lambarta. Wani siririn saurayi mai faɗin goshi ya ɗago, ya dube shi, ya miƙe har kujera ta faɗi.

"Yaya Gazali! Wallahi kai ne. Zauna, zauna. Bari in sa a kawo fura."

"Ba zama ya kawo ni ba."

"Ko minti biyar. Ni fa a bakinka na koyi abin ga. Kirarin da kay yi wa Bauna ranar da yac ci kambu, har yau yana kaina. Bauna mai tafiya ƙasa na amsawa, kowa ya tare ka ya tuna uwatai."

Ya faɗe shi daidai, har da inda Gazali ke jan numfashi. Wannan ya fi komai ƙona masa rai.

"Mannir, tambaya guda nika da ita. Ina kaka samun labari?"

Mannir ya yi dariya, ya leƙa waje, ya janyo wata babbar waya daga aljihu. "Ashe ba ka sani ba? Na ɗauka ka sani, kunya ce ta hana ka."

Ya danna. Ga fage, ga igiyoyi, ga Bauna yana shigowa da kambu a kafaɗa, ga Mai Gemu yana jiran sa.

"Wanga na yaushe ne?"

"Na yau. Wanda za mu gani bayan la'asar. Can ƙasarsu tun Talata anka yi shi, tashar da Alhaji ka kamawa sai Asabar taka maimaitawa."

"Alhaji kai tsaye yaka rubutawa."

"Shi ma haka ya ɗauka."

Gazali ya so ya kau da kai. Bai kau ba. A tsaye ya kalli wasan, minti ashirin da 'yan kai, fura na jiran sa a kan benci. Ya ga Bauna ya ɗaga Mai Gemu ya maka shi sau biyu. Ya ga alƙali ya sha gwiwar hannu ya zube. Ya ga Kwalli ya shigo a guje da kujerar ƙarfe kamar mai kawo ɗauki, ya tsaya, ya juya, ya sauke ta a bayan amininsa. Wani alƙalin ya shigo da gudu ya buga ƙasa sau uku. Kambu ya bar hannun Bauna.

Shekara shida yana zufa a gaban jama'a, yana rantsuwa da ƙafar mutum da numfashinsa, a kan wasan da aka gama tun kwana huɗu.

"Amma ni da ƙa'idata," in ji Mannir yana mai da wayar aljihu. "Wanda za ya ci kawai nika faɗi. Yadda anka yi, ba ni taɓawa. In ka faɗa musu duka, mi za su kalla? Ni kirari ba ni iyawa, Yaya, ɗan abin da nika da shi ke nan." Ya sosa ƙeya. "Tunda Allah ya kawo ka, ko za ka rage mini hanya? Motocin ga ba su cika da wuri."

Haka Gazali ya goyo shi bayan sun yi azahar. Yaron bai yi shiru ba har Tambuwal. Ya ce da ma a bar su su riƙa yi tare, shi ya buɗe, Gazali ya rufe. Ya ce mahaifiyarsa ma ta san sunan Gazali. Ya ce akwai masu cewa duk wasan tsara shi ake yi tun kafin a shiga fage, amma shi bai shiga wannan ba. Gazali dai ƙara wa babur wuta yake yi. Duk inda suka wuce majalisa sai ya ji an kira suna, kuma ba nasa ba.

Bayan la'asar gidan kallo ya cika har ana tsayuwa a bakin ƙofa. Benci goma sha biyu, babu masaka tsinke. Ƙananan wasanni suka wuce. Da aka zo talla kafin babban wasa, Ɗangiwa ya rage ƙarar talabijin, ya miƙa wa baƙo makirfo.

Mannir ya gaida jama'a, ya gaida Gazali yana kiran sa maigidansa. "Ni abin da nika gani, yau Bauna za ya kwana ba kambu. Mai Gemu za ya ci."

Wuri ya ɗauki hayaniya. Lauwali mahauci, wanda bai taɓa yarda an taɓa Bauna ba, ya ce ƙarya ne, amma muryarsa ba ƙarfi. Wani daga baya ya ce, "In Mannir ya faɗa, an gama."

An gama. Gazali ya ji maganar har cikin haƙoransa. Ya karɓi makirfon, yana jin ɗuminsa na hannun wani.

Zai iya cewa Bauna, ya faɗi da mutuncinsa. Zai iya tona asirin wayar, amma idan ya yi haka ya tona na Alhaji da allonsa, da shekara shidan kansa. Ya dubi benci na gaba, ya ga duk idanu suna kan yaron Kebbe.

"Wanda za ya ci, ko ɗiyata Hamdiyya na iya cinka," ya ce. "Mutum biyu ne, dole ɗaya ya ci. Masani shi ka faɗin yadda za a yi. Ku buɗe kunne."

Mannir ya ɗago da sauri.

"Bauna za ya ɗaga Mai Gemu ya maka shi da ƙasa. Sau biyu, ba uku ba. Alƙali za ya sha gwiwar hannu ya zube nan kusurwar hagu. Sannan Kwalli ya shigo da kujerar ƙarfe. Kuna cewa ɗauki ya kawo. To ba Mai Gemu za ya buga ba. Amininai za ya buga, a gadon baya. Wani alƙali ya shigo ya ƙirga uku. In ɗaya ya saɓa, na bar makirfon ga har abada."

"Kwalli?" in ji Lauwali. "Kwallin da sunka taso tare? Gazali, yau ka sha rana."

Aka yi dariya. Ɗangiwa ya ƙara wa talabijin murya.

Bauna ya maka Mai Gemu. Ya sake maka shi. Dariyar ta ragu. Alƙali ya zube a kusurwar hagu, wani ya yi salati a hankali. Daga nan kawuna suka fara juyawa, ana duban talabijin ana duban Gazali. Lokacin da Kwalli ya fito da kujera, babu wanda ya miƙe. A wata Asabar da sai an karya benci, da sai Lauwali ya jefi talabijin da takalmi. Yau kujera ta sauka a bayan Bauna, gidan kallo shiru, kamar ana duba ko tela ya bi awo. Uku ɗin ma tare da alƙali suka ƙirga, ba wanda ya ɗaga murya.

Sai da Mai Gemu ya ɗaga kambu sannan wurin ya fashe, kuma sunan Gazali ake kira. Aka ɗaga hannunsa. Lauwali ya riƙe kansa yana cewa wannan ba sani ba ne, baiwa ce. Ɗangiwa bai ko tambayi zaɓin jama'a ba.

Gazali ya buɗe baki zai fara sharhi, ya rasa ta inda zai kama. Ya riga ya faɗi komai. Kirarin da yakan zo masa da kansa idan jininsa ya hau, yau bai zo ba.

Mannir ya matso ya ba shi hannu. Ba fushi a fuskarsa. Ya sunkuyo daidai kunnensa.

"Ka ci, Yaya. Amma ka cinye musu wasan."

Ya ratsa jama'a ya nufi ƙofa. A nan ya yi gefe ya ba wani hanya.

Dattijo ne dogo, mai faɗin kafaɗa, kunnensa ɗaya a murɗe. Ba wanda ya san shi a gidan kallon. Tun tsakiyar wasa yake tsaye a bakin ƙofa, yanzu ya tako har gaban talabijin, mutane na janye ƙafafu.

"Kai ne Gazali?"

"Ni ne, Baba."

"Sunana Na'iya. Ni ka shirya kokawar kaka a Sanyinna. Gero na kawo cikin gari, na ji hayaniya na leƙo, na ko ga abin da ban taɓa gani ba." Ya gyara tsayuwa. "Ran Alhamis ɗana za ya kama da wani na Dogon Daji. Gari biyu sun yi wata guda suna gardama, har an fara zage-zage. Ka zo ka tsaya tsakiyar fage kafin su kama, ka faɗa muna yadda za a yi. Ɗaya bayan ɗaya, kamar na yau."

"Baba, ai ta gargajiya daban ce da..."

"Kokawa kokawa ce. Waɗanga ma da ba ka taɓa gani ido da ido ba, ka san su, balle ɗiyan ƙasarku."

"Za ya zo," in ji Lauwali. "Mu duka za mu raka shi."

Benci goma sha biyu suka amsa. Ɗangiwa ya riga ya ɗaga waya yana ɗauka.

Gazali ya duba ƙofa. Mannir na can bakin titi, ya juya baya, yana tsai da motar Kebbe.

"Wane lokaci za ni aiko a ɗauke ka?" in ji dattijon.

Makirfon a kunne yake. Lasifikar da ke waje ta kai numfashin Gazali har tsallaken titi kafin ta kai amsarsa.

"Da hantsi, Baba."