Takun 'Yan Kore a Ƙafar 'Yan Toka

Lamont Pettway ya shiga zauren wasanni na jami'arsu da safiyar Asabar, ko jakarsa bai sauke ba ya ji sautin. Tafi biyu, dukan cinya, sai ƙafa ta sauka dim! Ko daga barci aka tashe shi ya san wannan takun. Na ƙungiyarsu ta ɗalibai ne, 'Yan Kore masu koriyar riga, shekara arba'in ana gadonsa, ba a koya wa kowa sai wanda ya yi rantsuwa ya saka rigar. Yau ga shi a ƙafafun 'Yan Toka masu riga ruwan toka, abokan gabarsu, su goma sha biyu a jere gaban kyamara.

Abin da ya fi ƙona masa rai, laifin nasa ne. Masu shirya fim sun zo daga birnin Atlanta za su yi fim a kan gasar rawar taku, matar da ke tsara musu rawa ta cika shi da daɗin baki, shi kuwa sakarai, jagoran taku guda, ya nuna mata. Abu ɗaya ya ɓoye, rufewar, wato bugun ƙarshe. Da ita ya kare kansa gaban 'yan'uwansa: muddin rufewar tana hannunsu, takun bai bar gida ba.

Ya nufi daraktan kai tsaye.

"Malam, wa ya ba waɗannan takunmu?"

"Rigarsu ta fi fitowa a hoto," in ji daraktan, ko kallonsa bai yi ba. "Taku ai taku ne."

Ji wata magana! Mutumin da ko tafi bai iya ba.

Terrell Boykin, jagoran 'Yan Toka, ya washe baki. "A'a, ga mai kaya! Samu waje ka zauna, ɗan'uwa, ka ga yadda manya ke yi."

Daga kan benci, inda 'Yan Kore ke zaune, shugabansu Cedric ya ɗaga murya. "Lamont, dawo nan. Ƙyale su, ba su da ƙarshen."

Lamont ya koma ya zauna yana huci. Aka sake ɗauka. Sun iya, tsinannun, nan ma wani takaicin ne. Da suka zo ƙarshe sai Terrell ya ƙirƙiro nasa, wani karkaɗa kafaɗa da juyi kamar kaza ta taka wuta. Ma'aikatan fim suka hau tafi.

"Madalla!" in ji daraktan. "Haka za a bar shi."

Haka za a bar shi? Ƙasa gaba ɗaya ta kalli wannan shirmen ta ce shi ne takunsu? Idon Lamont ya rufe. Bai san lokacin da ya tsallake benci ya bangaje Terrell ba.

"Kai, jaki! Haka ake rufewa a garinku? Hagu ce ke fara sauka! Buɗe idonka!"

Ya dake, ya bugi ƙirji, hagu, dama, tafi ta ƙarƙashin gwiwa, ya sauko da ƙafa biyu har katakon ya amsa. Bai taɓa yin ta da kyau kamar yau ba.



"Na ɗauka," in ji mai kyamara.

Terrell ya waiwayi mutanensa, ya ƙirga musu uku. Ƙafa ashirin da huɗu suka yi ta a tare, ba kuskure ko ɗaya.

Lamont ya juya wajen benci. Cedric ya riga ya miƙe, sauran na bin bayansa zuwa ƙofa, ba wanda ya kira shi.