Tanki na Uku

"Ba zan sa hannu ba, Manaja."

Ta tura masa takardar a kan tebur, ta cusa hannuwanta cikin aljihun farar rigar aiki. Shekararta biyu tana aikin awo a kamfanin. Sha'ir suke jiƙawa ya tsimu, inji ya zare barasar da ke ciki, sannan a ɗura a kwalba a rubuta "Babu Barasa" a jiki. Yau ta auna tanki na uku har sau huɗu, kowane awo yana nuna barasa fiye da kashi ɗaya cikin ɗari.

"Wannan ɗan ɗigon?" in ji Manaja. "Ko kaza ba zai bugar ba. Motoci shida na jira a bakin ƙofa."

"Su jira. A mayar da shi inji."

"Awa bakwai ke nan fa!" Ya cire tabarau, ya sassauta murya. "Na ji an ce tsohonku yana jin jiki. Sa hannu ki tafi ki duba shi, na ba ki yinin. In kuwa kin ƙi, tsaya ki ga ƙarshen tankinki, in kin gama ki ajiye mini katin aikinki a nan."

Tsohon ba mahaifinta ba ne, katanga ce ta raba gidansu da nasa. Baba Mai Inji ake ce masa, don shekara talatin ya yi a kan injin nan kafin ƙafafunsa su gaza. A layinsu akwai waɗanda har yau ba sa sakin fuska su gaishe shi, wai a gidan giya ya ƙare rayuwarsa. Shi kuwa sai ya yi dariya ya ce, "Ni mai fitarwa ne, ba mai zubawa ba." Tun tana makaranta yake zana mata bututu da tukunya a bayan kwali, har abin ya shiga ranta.

Da safen nan ma ta leƙa shi kafin ta fito. Ya rame har agogonsa ya zame zuwa gwiwar hannu. Matarsa, wadda duk layin ke kira Inna, tana ba shi abin shan kamfanin da cokali, don shi kaɗai cikinsa ke riƙewa.

"Likitar kwalba," ya ce, "kin zo duba gawa?"

"Haba Baba, wace gawa ce ke da wannan surutun?"

"Wa ke kan injina yanzu?"

"Wani sabo, mai gaggawa."

"Ce masa kada ya matsa masa. In ya buɗe famfo da yawa, ruwan wucewa zai yi bai saki abin da ke cikinsa ba. In ya ƙara wuta, ya ƙona ɗanɗanon. Lallashinsa ake yi." Ya nuna kwalbar da haɓa. "Wannan ke kika sa mata hannu?"

"Ni ce."

"To ƙaro min, tsohuwa. Ido rufe zan sha."

Yanzu, a gaban teburin, ta dubi Manaja ta ce, "Zan tsaya." Ta san tana juya baya mataimakinsa zai rattaba hannu, a loda motoci.

Aka mayar da tankin. Duk rabin awa sai ta hau tsanin ƙarfe, ta ɗebo a ƙaramin kofin gilashi, ta sauko ta auna. Masu ɗura kwalba sun zauna a kan akwatuna suna harararta. Wani direba ya leƙo ta taga ya ce, "Farfesa, yau za mu tafi ko mu aika a kawo mana katifa?" Ta ce masa ya aika har da filo. Ba ta yi dariya ba, su ma ba su yi ba.

Wajen ƙarfe biyu wayarta ta yi ƙara. Inna ce.

"'Yata, yana ta tambayarki. Ga shi."

Numfashinsa ta fara ji kafin muryarsa.

"Baba, tanki na uku ne ya ƙi. Sun buɗe famfo."

"Na sani za a yi haka. Nawa ya rage?"

"Ya sauko rabi."

"Taɓa bututun sama da bayan hannunki."

Ta miƙa hannu ta taɓa. "Akwai ɗumi, ba zafi."

"Yauwa. Bar shi a haka." Ya ja numfashi. "Ki gama ki zo. Ina nan, ina zan je?"

Ta tsaya riƙe da wayar tana kallon ƙofar fita. Taku ashirin ne, ba fi ba. Sai agogon bango ya nuna rabin awa ya cika, ta ɗauki kofin ta sake hawa tsanin.

Ƙarfe biyar da kwata awon ya sauka inda ya kamata. Ta sake aunawa don ta tabbatar, ta sa hannu a hankali yadda kowa zai iya karantawa, ta ɗora katinta a kan takardar. Manaja bai ɗago kai ba.

Tun daga bakin layi ta hango takalma jibge a ƙofar gidan, har da na waɗanda ba sa gaishe shi. Inna na zaune a tsakar gida cikin mata. Da ta gan ta, ta miƙo hannu ta jawo ta kusa.

"Ƙarfe huɗu saura ya cika, 'yata. Bai sha wuya ba. Tankin ya fita?"

"Ya fita, Inna."

"To madalla. Shiga ki gan shi."

An lulluɓe shi da farin zanen gado. Babu wanda ya tuna ya kashe fanka, tana ta juyawa, tana ɗaga gefen zanen tana saukewa. Ta miƙa hannu ta kashe ta, ta zauna a ƙasa kusa da ƙafafunsa. Gobe ba ta da wurin aikin da za ta je, kuma ta makara da awa biyu.