Ranar da Garmahon Ammu Fadl Ya Yi Shiru

"Zauna mana, ɗana, ai faifan bai kai rabi ba," in ji Ammu Fadl.

Munir bai zauna ba. Nasiha ta kawo shi, ya haddato hujjojinsa tun daga ɗaki. Ɗalibi ne da ke zaune a unguwar Hay el-Sabi', bango ɗaya ya raba shi da wannan tsoho, Bahaushen Sudan da ya yi tashen kaɗa jita da ƙuruciya. Yanzu ciwon suga ya ci ƙafafunsa, ko matakala ba ya iya sauka.

Kiɗan kuwa, wai! Jita na kuka kamar an taka wutsiyar kyanwa, sauti ya fito ta wannan lasifika ya sulale ta waccan, ya dawo yana amsa-kuwwa. Sai ka dafa shayi ka shanye, waƙa ɗaya ba ta ƙare ba.

"Saikadelik ake ce masa," in ji tsohon. "Ba don rawa aka yi shi ba. Ido ake rufewa, sai ɗaki ya faɗaɗa, launuka su riƙa yawo. Ni da ba na fita, da shi nake zuwa Omdurman in dawo."

"Ammu, kiɗan 'yan ƙwaya ne."

"Wasu sun sha, ba ƙarya. Ni zoɓo na sha." Ya yi dariya har da tari. "Kuma da shi bawwab, mai gadin benen nan, yake gane na tashi lafiya, ya hawo mini da burodi."

Wannan ta ƙarshe ta bi ta bayan kunnen Munir, don yana ta laluben hujja ta gaba. "Shekaru sun ja, Ammu. A ji tsoron Allah."

Tsohon ya ɗaga allurar daga kan faifan. "Khalas, shi ke nan. Ma'alish, yi haƙuri, na dame ka."

Washegari gida ya yi tsit. Bawwab, mai gadin benen, ya tare Munir a ƙofa. "Ya shehu, yau ban ji Ammu ba."

"Alhamdulillahi, ya tuba. Ƙyale shi ya yi ibadarsa."

Maganar ɗalibin ilimi ce, bawwab ya ɗauke ta da nauyi, bai hau ba. Munir kuwa har a wajen karatu ya ba da labari, baki har kunne.

Ran Juma'a Mawada, 'yar tsohon, ta bugo daga garin da take aure tana kuka, babanta ba ya ɗaga waya. Aka ɓalle ƙofa. Yana kwance a bakin banɗaki, rai ya yi halinsa, wayar tana can kan gado. Likita ya ce sugansa ne ya faɗi, da an leƙo da wuri da cokalin zuma ya isa. Bawwab ya wuce Munir, ko kallonsa bai yi ba. Munir ya gwammace a ce zaginsa ya yi.

Da aka nemi mai wanka, Munir aka nuna, tunda shi ya karanta babin jana'iza. Ya fara da dama kamar yadda aka koya masa. Da ya kai hannun hagu sai ya ji kan yatsun da tauri, sun yi kanta irin ta wanda bai taɓa daina taɓa tsirkiya ba.

"Yalla, ya shehu," in ji bawwab a hankali, "ana jiranmu a masallaci."

Munir bai saki hannun ba. Ruwan butar yana ta hucewa.