Inci Huɗu na Katako

A takarda, tsawon ɗan fim Wade Tolliver ƙafa shida ne. A tsaye kuwa, ba takalmi, awonmu ɗaya da shi: ƙafa biyar da inci takwas. Shi ya sa aka ɗauke ni aiki. Ni nake tsayawa a wurinsa ana daidaita fitilu da kyamara, in an gama ya fito ya karɓi wurin. Sauran inci huɗun akwatin katako ne, wanda ake tura masa ƙarƙashin ƙafa duk sanda zai tsaya kusa da mace.

Shekara ashirin da biyu muna haka. Ya fito a likita a talabijin shekara goma sha ɗaya, ya fito a ɗan sanda, ya fito a matuƙin jirgi. Ko'ina abu ɗaya yake yi: ya sunkuyar da kai, ya kalli mace ta ƙasan gira, ya yi shiru. Mata sun manna hotonsa a bango saboda wannan kallon. 'Ya'yansu sun girma sun cire.

Yana cika hamsin da huɗu aka daina kiransa. Wata goma sha huɗu muna zaune, shi da ni. Sai wata darakta, Thea Brandvold, ta kira shi gwaji. Ƙaramin fim ne: uba zai raka 'yarsa tashar jirgin ƙasa, za ta tafi aikin soja. Mutum uku take gwadawa. Wakiliyarsa, mai nemo masa aiki, ba ta ɓoye masa ba, ta ce in wannan ya kuɓuce, abin da ya rage masa shi ne tallan maganin ciwon gwiwa.

Ƙarfe tara na safe muka shiga ɗakin ɗaukar fim a Burbank. Yarinyar da za ta fito a 'yarsa, Junie, ƙafa shida ce cif, ta gaske. Wani tsohon ma'aikaci da ya san mu ya jawo akwatin ba tare da an sa shi ba.

"Wannan fa na mene ne?" in ji Thea.

"Na Mista Tolliver ne."

"A ɗauke. Don ta fi ubanta tsawo na zaɓe ta."

Wade ya yi murmushi. "Kun ji abin da ta ce. A ɗauke."

A ɗaukar farko ya yi abin da ya saba. Ya sunkuyar da kai, ya kalla ta ƙasan gira, idonsa ya sauka a maɓallin rigar Junie. Ta yi ƙoƙari, amma dariya ta ƙwace mata. A ta biyu ya ɗaga kai ya wuce misali, kamar mai neman inda rufi ke yoyo.

Thea ta duba agogo. "Hutun minti goma. Ƙarfe goma sha ɗaya mai gwaji na gaba zai zo, Mista Tolliver."

Ya ja ni waje, bayan motar da ake sayar da kofi.

"Nestor, inci nawa matarka ta fi ka?"

"Lorna? Biyar. In ta yi fushi, shida."

"Yaya kake kallonta?"

"Da tsoro."

"Ba wasa nake ba, gajere."

"Ji mai cewa gajere. Ai ma'auni ɗaya aka gwada mu da shi, maigida."

Bai yi dariya ba. Sai na gaya masa abin da na daɗe da sani. Mutumin da ke kan akwati ba ya motsi, don in ya taka zai faɗo. Shekara ashirin da biyu bai taɓa yin taku ɗaya a gaban mace ba. Su suke zuwa inda yake.

"Ba ɗaga kai ake yi ba," na ce. "Baya ake ja. 'Yarmu tsawon uwarta ta ɗauko. Ranar da za ta tafi jami'a na ja baya taku biyu a bakin mota, don in gan ta gaba ɗaya."

"In na ja baya na fita daga haske. Wuyana kuma zai fito."

"Zai fito. Wuyan ɗan hamsin da biyar ne. Uban ma shekarunsa ke nan."

Ya taɓa fatar wuyansa da yatsa biyu. Ya miƙo mini kofinsa, ya koma ciki.

A ɗauka ta uku Junie ta faɗi maganarta, cewa jirgi ya kusa tashi. Wade ya bar alamar da aka manna masa a ƙasa, wadda na tsaya a kai rabin awa ana gyara fitilu. Ya ja baya taku biyu. Rabin fuskarsa ya shiga inuwa, wuyan ya fito sarai. Ya kalle ta tun daga takalmi har gashi, bai yi sauri ba. Sannan ya matso, ya miƙa hannu sama ya gyara mata igiyar jaka da ta murɗe a kafaɗa. Wannan ba ya cikin rubutun fim ɗin.

Junie ba ta yi dariya ba. Ta manta abin da za ta faɗa a gaba.

Thea ta bar kyamara ta ci gaba da ɗauka, sannan ta tsayar. Ba ta yabe shi ba. Ni ta kira.

"Kai, zo ka tsaya inda ya koma. A gyara fitila, mu sake."

Ta gwada sauran mutum biyun kamar yadda ta tsara. Ranar Alhamis ta kira wakiliyarsa. Ranar Litinin ta sama muka fara aiki.

Akwatin yana nan a gefe, da sunansa a jiki. Wade ya tura mini shi da ƙafa.

"Tafi da shi gida. Ka riƙa hawa in za ku yi faɗa da Lorna."

"Shekara talatin ina faɗa daga ƙasa. Na saba."

Muka bar shi a nan. Kafin rana ta yi tsaka wani mai gyaran fitilu ya zauna a kai yana cin abinci.