Kwalbar da Ban Buɗe Ba

Kwana uku yayana Armiya'u ya yi a wani taron bita a Gusau, ya dawo Kaura Namoda da jaka mai igiya, da takarda shafi huɗu, da ilimin da ya fi ƙarfin kansa. Malamin firamare ne, an tura shi ne kawai ya cike gurbin wanda bai samu zuwa ba. Ni kuwa shekarata goma sha ɗaya ina yi wa jarirai rigakafi a wani ƙaramin asibiti da ke bakin gari, amma daga ranar da ya dawo na zama ɗalibarsa, ina so ko ba na so.

Abin haushin shi ne, abin da ya jiyo gaskiya ne. Wani likita ya shaida musu cewa a jinin mutum akwai dakarun da ake haifarsa da su, masu tarar kowace cuta tun daga bakin ƙofa. Da ana zaton ba sa tuna komai. Yanzu an gano ana iya horar da su, su riƙe abin da suka taɓa gamuwa da shi, su ƙara zafin nama in wata cutar ta zo. A nan Armiya'u ya daina saurare. Ina kyautata zaton lokacin ne aka shigo da shinkafa da kaza.

Kafin mako ya zagayo, 'yan majalisar mai shayi sun raɗa masa Dokta, shi kuma ya amsa ba kunya ba tsoron Allah. Ya hana tafasa ruwan sha a gidansa. Ya naɗe gidan sauro ya jefa kan katanga. Duk wanda ya yi atishawa kusa da shi sai ya ce masa madalla, dakaru na atisaye.

Da a kansa kaɗai abin ya tsaya, da na bar shi da halinsa. To amma matarsa Hamida ta haihu, an sa wa yaron suna Imran. Kuma a gidan akwai mahaifinta, Baba Tsoho, wanda ya gudo daga ƙauyensu na wajen Zurmi bayan 'yan bindiga sun ƙone musu rumbuna. Wata huɗu yana tari, ya rame har wuyan rigarsa na zamewa daga kafaɗa. Ni na san irin wannan tarin.

Na je na same shi a zaure yana fifita da takardar bitar.

"Yaya, a kai Baba Tsoho a auna kakinai. Yaron ga kuma a kawo shi ran Alhamis in yi mishi lamba."

Lamba ita ce allurar tarin fuka da ake yi wa jariri a damtsen hagu, wadda ke barin ɗan tabo.

"Rashida ke nan," ya ce, yana murmushin tausayi. "Ku aikin da kunka iya shi na tsira ma ɗiya allura. Soja ba shi koyon yaƙi bisa gado. Tarin Baba shi na makarantar yaron ga. Kullum da hantsi ni ka aza mishi shi bisa cinya."

Na fizge takardar daga hannunsa. Shafin farko duk maiƙon tsire, na biyu ya sha layin jan biro. Na uku da na huɗu kuwa fes, har sun manne da juna, ba a taɓa buɗe su ba. A shafi na uku, da manyan baƙaƙe, aka rubuta abin da masu binciken suka fi horar da dakarun da shi: allurar lamba. Wannan dai da nake yi duk Alhamis.

Mai hankali zai ja yayansa gefe ya nuna masa. Ni ban yi haka ba. Na jira sai da la'asar, majalisa ta cika, na tsaya a bakin hanya na karanta musu shafin da ƙarfi, na fassara, na maimaita. Aka yi ta dariya har mai shayi ya zubar da madara. Na ji daɗi ƙwarai, ba zan ɓoye ba. Armiya'u ya miƙe yana karkaɗe riga, ya rantse a gaban kowa cewa muddin yana numfashi allurata ba za ta taɓa ɗansa ba.

Ranar Alhamis sai ga Hamida a keke napep, ta lulluɓe Imran cikin hijabi. Ta ce wa mijin za ta je barkar haihuwa.

A asibitinmu akwai yadda muke aiki. Kwalbar lamba ɗaya ta jarirai ashirin ce, kuma in an buɗe ta, bayan awa shida sai zubarwa. Don haka ba ma buɗewa sai an tara aƙalla goma. Ba wanda ya taɓa nuna mini inda aka rubuta goman nan, haka na tarar, haka nake yi. A ranar kuwa an tare hanyar Shinkafi tun safe, matan ƙauyuka ba su iso ba. Na ƙirga jariran da ke kan benci, har da Imran, huɗu.

"Sai Alhamis ta sama," na ce.

"Anti, don Allah," in ji Hamida, murya ƙasa-ƙasa. "Ban san ko ina samun hita kuma ba."

"Doka ta, Hamida. In zubar da na mutum goma sha shida don mijinki ba shi buɗe shafi na uku?"

Har sauran matan suka yi dariya. Makullin firjin yana cikin aljihuna, ina jin sanyinsa a cinyata. Gaskiyar da ban faɗa ba ita ce, so nake Armiya'u ya ɗauko yaron da hannunsa, ya zauna a bencin nan cikin mata, ya ce Rashida na tuba. Hamida ta gyara goyonta ta fita.

Mai keken ɗan majalisarsu ne, kafin magariba labari ya isa. Armiya'u ya hana ta ko leƙa ƙofar gida, ya aiko mini cewa kada in ƙara taka masa zaure. Na mayar masa da cewa ko da kuɗi aka haɗa ni ba zan taka ba. Alhamis ta sama jarirai goma sha uku suka zo, na buɗe kwalba, na yi musu, na zubar da ragowar. Gidansa tafiyar minti goma ce daga asibitin.

Muka shafe wata huɗu ba ma ga maciji. Ina jin labarinsa a bakin mutane, ina ƙara musu da nawa. A cikin watannin aka kai Baba Tsoho gwaji da ya fara tofar da jini, aka tabbatar tarin fuka ne. Na ce ai ga irinta nan, na faɗa tun farko.

Wata safiya Hamida ta kira ni tana kuka. Imran ya kwana biyar da zazzaɓi, ya ƙi nono, maɗigarsa ta kumbura, wuyansa ya sanƙare. Na manta da rantsuwata. Muka ɗauki mota zuwa Gusau, Armiya'u a gaba, Dokta ya rasa lacca.

Likitar da ta karɓe mu ta duba yaron, ta ce tana tsoron tarin fukan ne ya hau masa kai, za su yi iya ƙoƙarinsu. Sai ta ɗaga hannunsa na hagu, ta shafa damtsen da ɗan yatsa tana neman tabo. Fata sumul.

"Jariri a ɗaki ɗaya da mai tarin fuka, ba lamba? Duk danginku ba wanda ya san asibiti?"

Armiya'u ya ɗago da jajayen idanu ya nuna ni. Ba da mugunta ba, wallahi, har da ɗan alfahari a muryarsa.

"Ga ƙanwata nan. Ita ka yi ma ɗiyan garinmu duka. Ni na hana."

Likitar ta juyo gare ni. "To ke ko sau ɗaya ba a kawo miki shi ba?"

Hamida tana tsaye riƙe da zanen goyon. Ta dube ni.

"An kawo," na ce.