Fitilar Sahabi da Karnukan Kwari

A shekarar da soji sunka karɓi mulki, dokar hana hawan moto, wato babur, ta ƙara tsanani a wajenmu, sai ga kekuna sun fito daga bayan rumbuna, wasu da kashin kaji a kan sirdi. Jikana Sahabi na cikin waɗanda sunka koma keke. Burodi yake kaiwa ƙauyukan da ke gabas da Filinge. Da an sallame asuba zai ɗaure kwali a bayan keke ya kama hanya, kafin rana ta yi zafi ya dawo.

Amma ba burodin ne a ransa ba. Ladanci yake so. Ladanin masallacin unguwarmu, Manzo, ya tsufa, in ya ɗauki kira sai tari ya tare shi a tsakiya, mu mata muna cikin gida mu yi tsit mu ji ko zai ƙarasa da ransa. Liman, Malam Baƙo, ya ce zai gwada mutum biyu ya zaɓi guda, Sahabi da Hamidu tela. Kowa ya san wanda zai ci. Muryar Hamidu kamar ana jan tukunya a kan siminti take. Sahabi kuwa tun yana ƙarami in ya ɗauki karatu maƙwabta ke aje taɓarya su saurara. Don kada murya ta kwanta, a kan keke yake bita. Hanya babu kowa, sai ya buɗe maƙogwaro ya yi ta kiran salla tun daga bakin gari har wani kwari da ke kan hanya.

To a kwarin nan matsalar take. Akwai wasu karnuka da ba a san mai su ba, ramammu, masu dogayen ƙafafu, sun tare a gindin wani gawo. Mai tafiya a ƙasa ba su kula shi sosai, amma da sun ga ƙafa na juya feda sai su taso. Sun yaga wandon wani mai tallan magani. Sun kayar da wani mushe, wato malamin makarantar boko, har tabaransa ya fashe. Ranar da sunka samu Sahabi, ya dawo da ƙafa naɗe da ledar burodi, jini ya cika masa takalmi. Anka kai shi likita anka yi masa allurai.

Na ce, "Maigida, har karnuka sun san ba ka da nama, a ƙashi sunka tsaya."

Ya ce, "Kaka, ki bari. Saura kaɗan su kai ni ƙasa."

"To ka bar musu hanyar mana."

"In bari mu ci mi? Ke da ba ki shan kunu sai da burodi?"

Abokinsa Ibrah, mai sayar da kayan wayar salula a bakin tasha, shi ya kawo magani. Wata fitila ce siririya kamar biro, wai leza sunanta. Ba ta haska ɗaki. Ɗigo guda kore take jefawa can nesa, duk inda ka juya hannu ya bi. Ibrah ya ce a salula ya gani, masu keke na wasu ƙasashe da ita suke korar karnuka. Da magariba na are ta in gani. Na ɗora ɗigon a cikin ƙwaryar furar maƙwabciyata Hawa ta kan katanga, ta aje ludayi ta yi ta karanto duk surar da ta sani, ta zuba wa akuya furar. Har yau ba ta san ni ce ba, sai in wani ya karanta mata wannan.

Washegari Sahabi ya dawo bakinsa har kunne.

Ya ce, "Kaka, da sunka taso sai na yi bisimilla, na aje ɗigon a gaban babbansu, wani ja mai yankakken kunne. Ya tsaya cak. Na ja ɗigon zuwa cikin daji, sai ya bi, sauran sunka bi shi. Ba haushi, ba gurnani."

"Tsoro sunka ji?"

"In ba tsoro ba mi?"

Haka anka yi ta yi kullum. Da sassafe, kafin rana ta fito sosai, ɗigon na nunawa tar a ƙasa. Zai zo da kiran sallarsa, su tare hanya, ya nuna musu daji, su ruga, ya wuce. Labari ya bazu, masu keke sunka yi wa Ibrah layi, sai dai guda ɗaya ya zo da ita daga Yamai.

Bayan 'yan kwanaki Sahabi ya shigo da zabon daji a cikin kwalin burodi. Ya ce a hanyar dawowa ya tsince shi a tsakiyar kwari, fiffike a karye, da sauran ransa, ya yanka da wuƙar burodi. Jan karen na tsaye can gefe shina kallonsa, bai matso ba. Ni ban tsaya bincike ba, na ɗora tukunya. Bayan zabo sai fakara. Bayan fakara sai zomo, sai wani zabon. Duk a wuri guda, duk da ransu. Sahabi ya ce arziki ne Allah ya buɗe masa. Ni ma haka na gaya wa Hawa da ta leƙo ta ce ƙamshi ya yi yawa a gidan mai burodi.

Ranar gwajinsa ta faɗo Lahadi, ranar kasuwa, gari cike da baƙi. Hamidu ya yi nasa jiya, munka haƙura. Sahabi ya sa farar riga da hula, azahar ta yi, ya tsaya a ƙofar masallaci ya riƙe lasifika. Mu mata muna zaune a inuwar dogon yaro, tsallaken hanya. Da ya ɗaga murya, gashin jikina ya tashi. Masu awon hatsi sunka dakata da tiya a hannu. Na ga Malam Baƙo ya sunkuyar da kai shina murmushi, na ce a raina shi ke nan, an gama.

Yana tsakiyar kira sai na ga mutane a bakin layi suna darewa biyu. Ba ihu, ba gudu, kowa dai ya manne da bango. Sai ga su. Jan karen a gaba da zomo a baki, sauran a bayansa a jere. Ashe kwanakin nan duk suna bin sawun kekensa har bayan gari su kwanta. Yau sun ji muryar da sunka sani ta cika sama, sunka amsa.

Sunka ratsa masu alwala. Wani dattijo ƙafarsa guda a sama, buta na zuba a ƙasa, ya kasa saukewa. Jan karen ya taka har gaban Sahabi ya aje zomon a kan ƙafarsa, zomon na shure-shure. Sauran sunka kwanta a cikin takalman masallata.

Sahabi ya yanke kiran. Lasifika sai numfashinsa take fitarwa, duk gari na ji. Ya sa hannu aljihu ya zaro fitilar. Amma rana tsaka ce, ɗigon bai nuna ba ko kaɗan. Karnukan dai sun ga hannu ya tashi. Gaba ɗaya sunka miƙe, kunnuwa a tsaye, idonsu a kan hannun, suna jira. Duk inda hannun ya juya sai mutanen wajen su watse. Ya juya wajen liman.

Malam Baƙo ya ce a hankali, "Sahabi, sauke hannunka."

Ya sauke. Karnuka sunka koma sunka kwanta.

Sai wata tsohuwa ta kutso da ƙwaryar daddawa a ka. Tanne ce, 'yar ƙauyen arna da ke bayan dutsi, na san ta tun muna 'yan mata. Tun daga kasuwa ta biyo su. Ta dubi jan karen ta kira sunansa, "Barsu." Ya kaɗa wutsiya, bai tashi ba.

Ta ce, "Karnukan wana na, Ɗangoma baushe, babban maharbi. Ya rasu, ɗiyanshi sun tahi Yamai, babu wanda ya ɗauki harbi. Yaro, mi ag ga hannunka?"

Sahabi ya nuna mata. Ya ce haske take jefawa, da shi yake korarsu cikin daji.

Tanne ta aje ƙwaryarta a ƙasa. "Kora? Ɗangoma bai magana da kare in shina farauta, don kada nama ya ji. Ɓallin madubi garai. Shi tari rana da shi, shi jefa haske inda yake son su shiga, su shiga su kamo. Kai kullum aikensu kake yi."

Har Hamidu bakinsa a buɗe.

Ta ce, "Abin da sunka kawo maka, ka ci?"

Sahabi ya dubi ƙasa. Na ga abin zai daɗe, sai na amsa daga inda nake zaune. "Ya ci, na ci. Zabi da fakara da zomo. Da hannunsa ya yanka."

"To karnukan nashi na. A wajenmu wanda ya ci daga bakin karen baushe, shi a ubangijinshi. Ba su barinshi sai kabari. Ɗangoma ma damina guda sunka yi kwance bisa nashi kahin yunwa ta tada su."

Sahabi ya juya ga liman. "Malam, wallahi ban sani ba."

Malam Baƙo ya shafa gemu. Ya ce, "Naman halas ne, tun da ka yanka. Karen farauta kuma shari'a ba ta hana ba. Muryarka, kowa ya ji. Amma ba zan sa ladanin da in ya kira mutane karnuka su riga su zuwa ba, sau biyar a yini. In sun rabu da kai, wurin naka ne."

Hamidu ya yi gyaran murya. Ban ce da mugunta ya faɗa ba, amma ya faɗa. "Akwai maganin ɓera a kasuwa. Tun da sun yarda da hannunsa, a sa a burodi."

Wasu sunka gyaɗa kai. Mushen da anka fasa wa tabarau ya fi kowa gyaɗawa. Tanne ta tofar da yawu gefe ta ɗauki ƙwaryarta.

Duk muna kallon Sahabi. Jan karen ya matso ya ɗora haɓarsa a kan ƙafarsa, ƙafar nan dai da ya ciza, tabon na nan. Sahabi ya dubi lasifika a hannunsa, ya dubi karen. Sai ya miƙa wa Hamidu lasifikar, ya sunkuya ya ɗauki zomon ta kunnuwa.

Ya ce, "Wa ke da wuƙa? Zai mutu ban yanka ba."

Wani mahauci ya miƙo masa daga nesa, ya ja da baya. Sahabi ya yanka zomon a bakin kwata, ya sa takalminsa, ya kama hanyar bayan gari da farar rigarsa, karnuka a bayansa. Hamidu ya sake kiran daga farko.

Yanzu Hamidu ne ladaninmu, kunne ya saba. Sahabi ya kafa wa karnukan rumfa a bayan gari. Da asuba masu keke ke taruwa a bakin hanya su jira shi, ya shige gaba su bi bayansa, babu wanda anka sake cizo. Masallaci kuwa yana zuwa, sai dai a sahun ƙarshe yake tsayawa, kusa da ƙofa. Hawa ta ce ɗanta ya gaya mata ko amin ba ya ɗaga murya.